Daga Taminus zuwa Maldibs: abin da tallar hutun Agusta ba ta faɗa

Idan marka ta kama Jos a watan Agusta, masu kasa kaya a zagayen Taminus da bakin titin Ahmadu Bello kan wuni cikin rigar sanyi, suna jan leda suna rufe gwanjo da dankali duk sa'ad da hadari ya taso. A daidai wannan lokaci ne wasu hotuna ke yawo a wayoyin jama'a: farin yashi, shuɗin ruwa, ɗakin kwana a kan teku. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa ƙasar Musulmi ce, ba a neman biza, an kuma karya farashi. Ƙasar ita ce Maldibs, jerin tsibirai a Tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Siri Lanka. Waɗanda ake yi wa tallar sun haɗa da sababbin ma'aurata, da 'yan kasuwar da Allah ya buɗa wa, da kuma samarin da ake raɗa wa cewa akwai aikin otal a can.

Duk abubuwa ukun da tallar ta faɗa gaskiya ne. Matsalar tana cikin abin da ta yi shiru a kai.

Ƙasar da kuɗinmu suka fito

Bahaushe ya daɗe da sanin Maldibs ko da bai san sunanta ba. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwannin Kano da Katsina da Zariya, mafi yawansa a zamanin farko daga ruwan waɗannan tsibirai aka tsamo shi. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, shi ya sa har gobe ake cewa naira kaza wuri na gugar wuri. Ibn Baɗuɗa, matafiyin nan na Maroko, ya yi alƙalanci a Male, babban birnin ƙasar, wajen shekarar 1343. Ya ba da labarin cewa a can ana sayar da wuri 400,000 a kan dinari ɗaya, amma da ya zo Mali da Gawo bayan shekara kusan goma, sai ya tarar da 1,150 kacal ake bayarwa a kan dinarin. Lokacin da Baturen Jamus Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa guda.

Yanzu ƙasar da baƙi take ci. An buɗe wurin shaƙatawa na farko, Kurumba, a 1972, kuma a 2024 masu yawon buɗe ido da suka shiga sun haura miliyan 2. Tsibiranta sun kai kimanin 1,190, amma waɗanda mutanen ƙasa ke zaune a kai ba su cika 200 ba. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum kimanin 515,000, fiye da 130,000 daga cikinsu baƙi ne. Mutumin Jos da ke zaune a tudun da ya ɗara teku da mita 1,200 zai sauka a ƙasar da, idan aka daidaita, mita ɗaya da rabi kawai ta ɗara ruwa.

Me ya sa farashi ke sauka a Agusta?

Saboda damina ce a can ma. Mutanen ƙasar sun raba shekara gida biyu. Iruvai shi ne lokacin iskar arewa maso gabas, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, sama garau, teku a kwance, otal-otal kuma a cike. Hulhangu kuwa, daga Mayu zuwa wajen Nuwamba, shi ne lokacin iskar kudu maso yamma mai ɗauke da ruwan sama da igiyar ruwa. Hotunan da ake turowa galibi na rani ne, farashin da aka liƙa musu kuma na damina.

Ba a ce kullum ruwa ake yi ba. Akan yi kwanaki ana rana, akan kuma sheƙa ruwa na awa guda ya ɗauke. Amma akwai makon da hadari ke zama daram, hukumar yanayi ta ƙasar ta fitar da gargaɗi, a dakatar da ƙananan jiragen ruwa. Wanda ya guje wa markar Jos zai iya biyan miliyoyi ya je ya kalli wata ta taga, da bambanci ɗaya: maimakon sanyin da ya saba, zafi ne na wajen digiri 30 da rana, da gumi mai danƙo.

Daminar tana da nata alherin. A wannan lokaci ne wasu manyan kifaye masu faɗi kamar tabarma ke taruwa a Hanifaru, cikin tsibiran Baa da UNESCO ta sanya a jerin wuraren kariya a 2011. Sai dai duk mai niyyar tafiya ya bar rarar kwana guda a birnin Male ko maƙwabcinsa Hulhumale kafin ranar komowa, kada igiyar ruwa ta tsare shi a wani tsibiri jirginsa ya tashi ya bar shi.

Ba biza, amma akwai sharuɗɗa

Maldibs na ba baƙo izinin kwana 30 kyauta idan ya sauka a filin jirgi na Velana. Jami'in shige da fice zai nemi fasfo mai sauran wa'adi, da tikitin komowa, da shaidar an kama masauki a wurin da gwamnati ta yi wa rajista, ko kuɗin da zai riƙe mutum. Akwai fom na intanet mai suna IMUGA da ake cikewa cikin awa 96 kafin sauka, kuma kyauta ne. Duk ejan da ya sa masa farashi, aljihunsa yake cikawa.

Ɗan Najeriya yana da ƙarin sharaɗi: katin rigakafin shawara, domin Najeriya na cikin ƙasashen da cutar ke samuwa. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10 da yinta, saboda haka wanda ya yi ta ana jibi tafiya bai cika sharaɗi ba. Katin da aka saya a bayan fage ba tare da an sha allura ba kuwa, haɗari ne biyu, na kamu da na cuta. Fasfo ma ya kamata a duba shi da wuri, a tabbata yana da aƙalla wata shida a gaba, saboda kamfanonin jirage da ƙasashen da ake yada zango. Tun daga Satumbar 2025, sabon fasfo mai shafi 32 naira 100,000 ne, mai shafi 64 kuma 200,000.

Izinin shiga a hannun jami'in da ke bakin ƙofa yake. Idan bayanin matafiyi bai gamsar da shi ba, yana da ikon mayar da shi a jirgi na gaba, kuɗin tikiti kuma sun tafi. Dokokin irin waɗannan ƙasashe ma sukan sauya ba zato. A 2023 Seshels, wata ƙasar tsibirai a wannan teku da ita ma ba ta neman biza, ta tsaurara wa masu fasfon Najeriya shiga, mutane da dama da suka riga suka biya kuɗi suka rasa na yi. Don haka a duba shafin hukumar shige da fice ta Maldibs a makon tafiya, kada a dogara da abin da wani ya ce ya gani bara.

Lissafin da ba a nuna wa mai saye

Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa Male. Mutumin Jos zai fara gangarawa Abuja ko Kano ko Legas, sannan ya yada zango a Doha ko Dubai ko Istanbul. Agogon can yana gaban namu da awa huɗu. Idan ya sauka, bai iso ba tukuna, domin filin jirgin a tsibirinsa yake. Gadar Sinamale da aka buɗe a 2018 ta haɗa shi da Male, amma yawancin sauran tsibirai sai da jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa. Wannan na biyun da rana kawai yake tashi, kuma kujerarsa ɗaruruwan daloli ce. Jiragen ruwa na haya na gwamnati suna da araha ƙwarai, sai dai da yawansu ba sa aiki ran Juma'a.

Sai haraji. A ɗauki ɗakin da aka tallata a kan dala 100 a ƙaramin masauki. Za a ɗora kashi 10 na hidima, ya zama 110. Za a ɗora harajin yawon buɗe ido, wanda ya koma kashi 17 daga Yulin 2025, ya kusa 129. Sannan kowane baƙo na biyan harajin muhalli, dala 6 a kowane dare a ƙananan masaukai, dala 12 a manyan wuraren shaƙatawa. Miji da mata a wannan ɗaki za su biya kimanin dala 141 a dare. Kwana biyar da aka lissafa a dala 500 sun haura 700, ba a ci abinci ba, ba a hau jirgin ruwa ba. Duk wanda ya leƙa wajen 'yan canji kwanan nan ya san abin da dala 200 ke nufi a naira.

Tambaya ɗaya ke raba gardama kafin a biya: shin wannan farashi ya haɗa da haraji duka, da abinci, da ɗauko mutum daga filin jirgi? A nemi amsar a rubuce. A kuma tabbata ejan yana da ofis da rajista, a karɓi rasit, a duba lambar tikiti a shafin kamfanin jirgin, a aika wa otal ɗin saƙo a ji ko sunan mutum na cikin littafinsu. Tura kuɗi asusun wani mutum da aka sani a WhatsApp ko Instagram kawai, kyauta ce aka yi masa.

Ƙasar Musulmi, fuska biyu

Musulunci ya kafu a ƙasar a 1153, lokacin da sarkinta ya karɓi addini. Tsarin mulkin 2008 ya ce sai Musulmi ne zai zama ɗan ƙasa. Mazhabar Shafi'i suke bi, ranakun hutunsu Juma'a da Asabar, rubutunsu na Thaana daga dama yake farawa kamar ajami. A Male akwai tsohon masallacin Juma'a, Hukuru Miskiy, da aka gina da dutsen murjani a 1658, wanda shi kaɗai ya isa a je gani.

Amma wuraren shaƙatawa duniya ce daban. Kowanne na kan tsibirinsa, nesa da mutanen gari, ana sayar da giya, baƙi kuma na yawo da kayan wanka. Magidancin da ya kai iyalinsa can da zaton zai tarar da yanayi irin na Madina zai sha mamaki. Wanda ke son jin kiran salla da cin abinci hankali kwance, ga kuma sauƙin kuɗi, ya nemi masauki a tsibiran da mutane ke zaune, kamar Maafushi, inda doka ta ba da damar buɗe ƙananan masaukai tun 2009. A can babu giya, ana kuma son sutura ta mutunci a cikin gari.

Jos gari ne na Musulmi da Kirista, saboda haka ya kamata 'yan'uwa Kiristoci su sani cewa babu coci a ƙasar, doka kuma ta hana yin ibadar wani addini a fili ko wa'azinsa. Kwastam na hana shiga da giya, da naman alade, da gumaka. Tun ƙarshen 2024 an haramta tabar lantarki, shigo da ita da shanta. Fataucin miyagun ƙwayoyi kan kai mutum ɗaurin rai da rai, don haka kada a karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ɗan unguwa ne. Mai shan magani ya riƙe takardar likita.

Ruwa da sauro

Yaron da ya koyi iyo a kududdufan haƙar kuza na Rayfield ya koya ne a ruwa mai tsayuwa. Teku na da jan ruwa a ƙarƙashi, wanda ke ƙaruwa da damina, kuma kusan kowace shekara akan samu baƙin da suka nutse. A sa rigar kariya, a tambayi mutanen wurin kafin a shiga.

Ƙasar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro irin namu, amma tana fama da zazzaɓin dengi, wanda ke ƙaruwa lokacin ruwa, sauronsa kuma da rana yake cizo. Wanda zazzaɓi ya kama kada ya sha asfirin ko ibuprofen, domin suna ƙara haɗarin zubar jini. Ya sha farasitamol, ya nemi asibiti, ya kuma gaya wa likita cewa daga Najeriya ya zo don a gwada maleriya. Manyan asibitoci a Male suke, ɗauko marar lafiya daga tsibiri mai nisa kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne, shi ya sa inshorar tafiya take da amfani.

Masu zuwa ci-rani

Batun masu zuwa neman aiki ne ya fi ciwo. Izinin kwana 30 na yawon buɗe ido ne, yin aiki da shi laifi ne. A ƙa'ida, mai ɗaukar aiki ne ke nema wa ma'aikaci izini daga hukumomin ƙasar tun bai baro gida ba. Ko waɗanda suka shiga ta hanyar da ta dace, musamman dubban 'yan Bangaladash masu aikin gini, an sha ba da rahoton ƙwace musu fasfo da hana su albashi. Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a Male. Wanda kuɗi suka ƙare masa yana kan tsibiri ne, babu iyakar da zai taka da ƙafa, babu motar da zai roƙa ta rage masa hanya.

Iyaye da 'yan'uwa a Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo da Rikkos, idan yaro ya zo da maganar a sayar da Keke Napep ko fili don wani ya yi masa hanyar aiki a Maldibs, ku ce ya kawo takardar izinin aiki mai ɗauke da sunansa da sunan kamfanin. Idan amsar ita ce sai ya isa can za a yi masa, ku riƙe kuɗinku, ku kai maganar ofishin shige da fice na Jos ko hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane.