Paul Crutzen da Binciken Sinadaran Sararin Samaniya

An haifi Paul Crutzen a birnin Amsterdam na ƙasar Holan a shekarar 1933. Da fari injiniyan gine-gine ne, har ya yi aiki a sashen gina gadoji na birnin. A 1959 ya sami gurbin mai tsara manhajar kwamfuta a sashen nazarin yanayi na Jami'ar Stockholm da ke Suwidin, inda ya haɗa aiki da karatu har ya kai ga digirin digirgir.

A 1970 ya bayyana yadda wasu iskoki masu ɗauke da naitirojin ke cinye iskar ozon, wadda ke kare halittu daga hasken rana mai ƙona fata. Asalin waɗannan iskoki daga ƙasa ne: ƙwayoyin halitta da ke cikin turɓaya su ke fitar da wata iska da ke hawa sama, ta rikiɗe a can. Muhimmin abin da ya gano shi ne, sinadarin ba ya ƙarewa bayan ya wargaza ozon, sai ya koma ya sake. Don haka kaɗan daga cikinsa kan yi ɓarna mai yawa. Wannan aiki ne ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1995, tare da Mario Molina da Sherwood Rowland.

Daga 1980 zuwa 2000 ya shugabanci sashen sinadaran sararin samaniya a Cibiyar Max Planck da ke Mainz a Jamus. Tun kafin nan ya fara nazarin hayaƙi, yana mai nuna cewa ƙona daji da gonaki a ƙasashe masu zafi, har da dazuzzukan Afirka, na sauya yanayin iskar duniya. A 1982 shi da John Birks suka yi hasashen cewa kunkunniyar da gobarar yaƙin nukiliya za ta tayar na iya tare hasken rana, har noma ya gagara.

Ƙananan ɓurɓushin da ke yawo a iska ba aiki ɗaya suke yi ba. Baƙar kunkunniya tana shan zafin rana, masu ɗauke da farar wuta kuwa mayar da hasken suke yi. An ga haka bayan aman wutar dutsen Pinatubo na Filifin a 1991, lokacin da zafin duniya ya ragu da kimanin rabin digiri. Bisa wannan hujja, a 2006 Crutzen ya nemi a binciki yiwuwar watsa farar wuta a sama domin rage ɗumamar yanayi, amma a matsayin dabarar ƙarshe. Masana da dama sun yi fargabar hakan zai dagula ruwan damina a Afirka da Asiya, kuma har yau ana wannan muhawara.

Crutzen ya rasu a Mainz a watan Janairun 2021.