Ƙwaƙwalwar Dinaso da ta Tsuntsu: Abin da Ƙasusuwan Gadufawa Suka Nuna

A wannan takarda za mu dubi yadda masana burbushin halittun dauri ke nazarin ƙwaƙwalwar dabbar da ta ƙare tun shekaru miliyoyi, alhali kuwa ƙwaƙwalwa tana cikin abin da ke fara ruɓewa a jikin mushe. Misalinmu daga maƙwabta za mu ɗauko shi, watau Jamhuriyar Nijar.

Gadufawa wani fili ne a hamadar Tenere, kudu maso gabas da Agadas. Masu neman yuraniyom ne suka fara kai labarin ƙasusuwan da ke warwatse a wurin, sa'an nan wani matashi Bafaranshe, Philippe Taquet, ya shiga tono a 1965. A 1976 ya wallafa bayanin Ouranosaurus nigeriensis, wanda ƙwarangwal ɗinsa ke gidan tarihi na Yamai. Daga baya Taquet ya shugabanci gidan tarihin halittu na Paris daga 1985 zuwa 1990. Wanda ya gaje shi a wannan fage shi ne Paul Sereno na Jami'ar Shikago a Amurka, wanda ya yi tono a Gadufawa a 1997, kuma a 1999 ya raɗa wa wani dinaso suna Nigersaurus taqueti don girmama ƙasar da magabacin nasa.

To, ta yaya ake ganin ƙwaƙwalwar? Ba ita ake gani ba, mazauninta ake gani. Ramin da ke cikin ƙoƙon kai yana riƙe da siffar abin da ya zauna cikinsa, kamar yadda tukunya ke ba tuwon da ya kwana a cikinta siffa. Bajamushiya Tilly Edinger (1897-1967) ce ta mai da nazarin wannan rami ilmi mai zaman kansa. A zamaninta sai an sami ƙoƙon da ya fashe ko a tsaga shi. Yanzu kuwa na'urar hoton ciki, irin wadda ake ɗaukar kan majiyyaci da ita a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ita ake sa wa ƙashin, kwamfuta ta zana ramin ba tare da an taɓa shi ba.

Haka Sereno da Lawrence Witmer na Jami'ar Ohio da abokan aikinsu suka yi wa Nigersaurus a 2007. Dabbar ta rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, tsawonta mita 9, haƙoranta sun haura 500, jere a baki mai faɗi. Sun tarar sashen sansanar wari na ƙwaƙwalwarta ƙanƙane ne. Amma abin da ya fi jan hankali shi ne cikin kunne. A can akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa da ke kula da daidaiton jiki, kuma an daɗe ana ɗauka cewa ɗaya daga cikinsu a kwance yake zama in dabba ta tsaya a natse. Da suka kwantar da shi a zane, sai bakin dabbar ya dubi ƙasa da karkata ta digiri 67. Ke nan, in ji su, kiwo take yi a ƙasa kamar saniya.

A ganinmu hujjar haƙora ta fi ta kunne ƙarfi. Dalili kuwa, a 2013 Jesús Marugán-Lobón da abokansa suka yi nazarin bayanan awon wannan bututu a tsuntsaye masu rai, suka ga karkatarsa tana bambanta da kusan digiri 50 daga wannan jinsi zuwa wancan. Ma'aunin da ke da irin wannan sassauci bai isa a yanke hukunci da shi kaɗai ba.

Shigowar tsuntsu cikin zancen ba haɗari ba ne. Masana fannin sun tafi a kan cewa tsuntsaye reshe ne na dinaso masu tafiya da ƙafa biyu, ba na dangin Nigersaurus ba. A 2001 Hans Larsson ya nuna cewa ƙwaƙwalwar Carcharodontosaurus, wanda Sereno ya tono kansa a Maroko, ta fi kama da ta dangin kada. A 2013 kuma Amy Balanoff da abokanta suka gano cewa wasu dinaso na kusa da tsuntsaye suna da ƙwaƙwalwar da ta kai ta Archaeopteryx girma, ko ma ta fi, in an gwada da girman jikinsu. Watau ƙwaƙwalwar ta riga tashi sama girma.

Akwai wani bambanci da ya kamata malamin kimiyya ya lura da shi. Ƙwaƙwalwar tsuntsu tana cika raminta taf, saboda haka siffar ramin abin dogaro ce, ta kada kuwa ba ta cika shi, don haka ƙiyasin girman ta manyan dinaso yana buƙatar hattara. Rabin farko na wannan magana ana iya nuna wa ɗalibai a aji da kan zabo ɗaya daga kasuwar Tarauni, a dafa shi, a tsaga da reza.