Labarin Yaƙi A Bakin Mata: Daga Gawakuke Zuwa Gidan Rumji

Duk 'yar kasuwar da ke ɗaukar kaya daga Gangara ta nufi Maraɗi ko Tibiri, ƙasar da yaƙi ya tsara take ratsawa. A shekarar 1836 aka gwabza a Gawakuke, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta ci Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzayen da suka mara musu baya. A nan Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama. Gobirawan da suka tsira ne suka kafa Tibiri.

Cikin waɗanda suka adana wannan labari akwai mace, Nana Asma'u 'yar Shehu, ƙanwar Bello. Ta tsara waƙa da Fulatanci a kan Gawakuke, ta kuma yi wata doguwa kan hijirar Shehu da yaƙoƙinsa, wadda a Hausa ake kira Waƙar Gewaye. Dattijan matan da ta naɗa jaji, da malfarsu a ka, su suka riƙa kai waƙoƙinta ƙauye-ƙauye wurin 'yan taru.

Sai dai mu faɗi gaskiya, waƙar masu nasara ce. Bagobirar da aka kashe wa miji, aka kora ta cikin ganima, ba ta da tawada ba ta da takarda. Nata kukan a bakin dutsen niƙa ya tsaya.

Yau kyamara ta shigo hannun mata. A 2015 Fati Abubakar ta fara ɗaukar hotunan Maiduguri lokacin rikicin Boko Haram, tana sa su a Instagram. Ba ta bi gawa da ƙonannun gidaje ba. Masu saye da sayarwa ta ɗauka, da 'yan makaranta, da mata sun ci kwalliyar biki, don duniya ta ga garin bai mutu ba. A ganinmu wannan ya fi hoton soja faɗin abin da yaƙi ke yi wa talaka. Ita ma Aisha Maki ta Damagaram ta shiga unguwar Kara-Kara ta yi fim kan 'yan daba a 2021.

Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka gudo wa 'yan bindiga zuwa yankin Gidan Rumji, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Akasarinsu mata ne da yara. Su suka san daren da aka shigo gari, da shanun da aka kora, da abin da aka sayar aka biya fansa. Muna auna musu gero ranar kasuwa, amma ba kasafai muke tambayarsu ba.