Sabon yaɓe, sabon zafi: abin da siminti da kwano ke yi wa ɗakin ƙasa

Da kaka ta yi, aka sayar da gyaɗa, aya da riɗi, sai aikin gyaran gida ya tashi daga Agye zuwa Gazawa har Gidan Runji. Bana ma haka za a yi: mai hali ya kankare tsohon yaɓe ya shafa siminti, ya sauke soro ya buga kwano. Ba wanda zai ga laifinsa. Wanda ya ga yadda damanar 2024 ta rusa ɗakunan ƙasa a jihar Maraɗi ya san dalilin da ya sa mutane ke neman abin da ruwa ba zai ci ba. Sai dai a ranar da ake wannan gyara ne ake yanke yawan zafin da iyali za su sha na shekaru masu yawa, kuma ba a cika lura ba.

Katangar tubali mai kauri tana shan zafin rana a hankali. Kafin ya ratsa zuwa ciki rana ta yi sanyi, da dare kuma ta sake shi waje. Bulon siminti siriri ne, zafi na keta shi da wuri. Kwano ya fi muni: a watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, yana gasuwa ya dinga feso zafi kan na ciki. Shi ya sa ɗakin kwano marar silin ba ya zaunuwa da azahar. Tsofaffi, jarirai da mai jego, waɗanda ba sa iya fita gindin gawo, su ne ke shan wuyar.

A wasu ƙasashe hukuma ta shigo cikin maganar. A Faransa, tun daga 2017, wanda zai sake fuskar gininsa gaba ɗaya ko mafi yawanta, doka ta ɗora masa sanya abin tare zafi da sanyi a jikin bangon, tunda dai an riga an kafa tsani an kira ma'aikata. Abin da ya fi jan hankalina shi ne gyaran da suka yi wa dokar a shekarar: sun taƙaita ta ga bangon kankare, siminti, jan bulo da ƙarfe, suka bar tsofaffin bangayen ƙasa da na dutse, domin irinsu na buƙatar fitar da laima. Kusa da mu, Najeriya ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine a 2017, ƙungiyar UEMOA wadda Nijar ke cikinta ita ma ta fitar da umarni a 2020. Amma waɗannan takardu sun fi shafar ginin da ake zana wa taswira a nemi izini. Ɗakin da magini ya tayar da idonsa da igiyarsa a Cadawa ko Gangara bai san da zamansu ba.

Wannan batu na laima shi ne zuciyar al'amarin. Ƙasa tana shan ruwa, tana kuma fitar da shi. Siminti ba ya barin ta yi haka, kuma ba sa miƙewa da tsukewa tare. Shekara biyu ko uku sai tsaga ta bayyana, ruwa ya shiga ta nan ko ya hauro daga gindi, ya rasa hanyar fita. Waje na sheƙi, ciki na ruɓewa, gara na yin gida. Ƙwanƙwasa bangon za ka ji yana amsawa kamar ƙwarya. Wata rana falle guda ya ɓallo, ya tafi da naman katangar.

Maginan dā ba su jahilci wannan ba. Suna cuɗa ƙasa da ramno da kashin shanu a bar ta ta ruɓa, a yi makuba da ɓawon ɗorawa, inda ake rini kuma a haɗa laso da katsi da gashin jima. Duk yaɓe ne mai korar ruwa ba tare da toshe bango ba. Aibinsa ɗaya: yana son a duba shi kowace shekara, ga samari sun tafi ci-rani, ga azara ta yi tsada. Amma ƙasar ba ta gaza ba. A Dandaji ta jihar Tawa, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da bulon ƙasa da aka matse da inji, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu.

Wani zai ce a sa fanka a huta. Wutar wannan yanki tana shigowa ne ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma mun ga abin da ya faru da aka yanke ta a Agustan 2023. Ƙauyuka da yawa ma wayar ba ta kai musu ba.

A ganina, in magadan gari za su sa hannu, kada su fara da tara. Su tara maginan gundumarsu a yi ittifaƙi kan abubuwa kaɗan. Wanda zai buga kwano ya sa silin, ko da na zana ne ko tabarmar kaba, ya bar kafar da iska mai zafi za ta fita, ya kuma shafa wa kwanon farin fenti. Bakin rufi ya fito ya yi wa bango inuwa, indararo ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa. Simintin da aka sayo a kai shi gindin katanga a yi dakali, inda ruwa ke fara ci, sama kuma a bar wa yaɓen ƙasa. Bangon gabas da ruwan damana ke duka, shi ya fi cancantar a kashe masa kuɗi, na yamma kuwa dogon yaro ɗaya ya ishe shi. Su kuma fara da nasu: ajin makaranta da ɗakin haihuwa da za a gyara bana.