Bakin Inji da Yankan Tiredi

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi ɗan bayani a kan wani aiki da nake yi don sha'awa a ɗakin koyon aikin ƙarfe, wato yanka tiredi da injin sassaƙa ƙarfe. Tiredi shi ne zanen nan da ya nannaɗe jikin ƙusar noti. Da shi aka ɗaure kekunanmu, da injin niƙa, da famfon rijiyar burtsatse. Kowa ya san takaicin notin da tiredinsa ya cinye, a yi ta murɗawa ba ya kamawa.

Shi wannan inji juya ƙarfe yake yi, wuƙa kuma tana bi tana fere shi. Abin da ke riƙe ƙarfen, ma'aikata suna ce masa cok, ni kuwa zan kira shi bakin inji, domin yana da muƙamuƙi uku da yake damƙa da su. Daga nan zan fara, gama in baki bai riƙe da kyau ba, kome gwanintar mutum tiredinsa ba zai fita ba.

A cikin bakin akwai wani faranti mai zane a nannaɗe, kamar ɗinkin faifai. Haƙoran da ke bayan muƙamuƙan suna zaune cikin wannan zane. In ka sa mabuɗi ka murɗa, sai wata 'yar giya ta juya farantin, muƙamuƙan uku su taho tsakiya tare. To, wannan zane a buɗe yake ta gaba, ɓarɓashin ƙarfe yana faɗawa ciki kullum. Tsaki ɗaya tak in ya maƙale a ƙarƙashin haƙori, ya isa ya sa ƙarfen ya riƙa lilo. Ga kuma ƙurar hunturu. In ta haɗu da mai sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin farantin a hankali.

Mutane da yawa in mabuɗi ya yi tauri sai su ɗebo giris su danna ta gaba. Ni ban yarda da wannan ba. Giris yana da danƙo, duk ɓarɓashin da ya taɓa shi ya zauna ke nan. Abin da ya kamata shi ne a kashe wuta tukuna, a shimfiɗa katako a kan gadon injin kada bakin ya suɓuce ya faɗa masa, a kwance shi, a zare muƙamuƙan, a wanke kome da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a goge ya bushe. Sa'an nan a sa giris a baya, inda giyoyi suke a rufe. Farantin kuwa da hanyoyin da muƙamuƙan ke bi, ɗan man inji mai ruwa-ruwa ya ishe su. Akwai giris na musamman da masu ƙera bakin inji ke sayarwa, wanda ya samu ba laifi, amma shi ma shafawa ake yi, ba cusawa ba. In man ya yi yawa, da an ta da inji sai ya watso shi, ya ja maka baƙin layi daga aljihun riga har goshi, a gida kuwa a ce ka cika ɓarnar sabulu. Baƙin man da aka juye daga mota kada ma a kawo shi kusa, cike yake da datti.

Wajen mayarwa, a duba lamba. Kowane muƙamuƙi yana da tasa, 1 ko 2 ko 3, haka ma gurbinsa, kuma bi da bi ake sa su. In aka sāɓa, ba za su haɗu a tsakiya ba. Mabuɗi kuwa ba a barinsa a jikin baki ko na ƙiftawar ido, domin in injin ya tashi da shi, harbo shi zai yi, kuma fuskar mai aiki ce a gaba.

Yanzu sai tiredi. A da can kowane maƙeri da irin nasa, notin wannan ba ya shiga ƙusar wancan. Wajen shekarar 1800 wani Bature a Ingila, Henry Maudslay, ya kyautata injin da ke yanka tiredi iri ɗaya kullum. A 1841 kuma Joseph Whitworth, wanda ya taɓa aiki a ma'aikatar Maudslay, ya fito da ma'auni guda mai kusurwar digiri 55. Tiredin milimita da ya fi yawa a yau digiri 60 ne, amma yawancin bututun ruwa namu har yanzu na Whitworth suke bi. Shi ya sa wani noti yakan shiga zagaye biyu ya cije, mai gaggawa ya sa sufana ya ƙarasa kashe shi.

Dabarar injin ita ce wata doguwar ƙusa da ke kwance a gabansa, wadda giyoyi suka haɗa da bakin. Duk zagaye ɗaya da ƙarfe ya yi, ita kuma sai ta ja wuƙa wani taki da ba ya sākewa. A ƙusa mai kaurin milimita 10, wadda ake rubutawa M10, takin milimita 1.5 ne, a M8 kuwa 1.25; a M6 milimita 1. Tsofaffin injuna da aka ƙera da awon inci sukan bukaci giya mai haƙora 127 kafin su yanka na milimita daidai, domin inci ɗaya milimita 25.4 ne, biyar ɗinsa kuwa 127. Ga amfanin lissafi ga masu cewa ba su ga ranarsa ba!

Zurfin tiredin M10 bai cika milimita ɗaya ba, wajen 0.92 ne, amma ba a yanka shi a tashi guda. Ana wasa bakin wuƙa digiri 60, a daidaita tsininta da tsakiyar ƙarfen, a rage gudun inji ƙwarai. Bi na farko ɗan karce ne kawai, sai a tsaya a gwada da ma'aunin tiredi, mai kama da mataji, a ga ko takin ya yi. Daga nan a yi ta bi, kamar sau goma, ana janye wuƙa kafin a koma baya, ana rage cin da take yi a kowane bi. A nan ne tsabtar baki ke nuna kanta. Wuƙa tana tura ƙarfen da ƙarfi, in kuwa ya zame ko da kaɗan, bi na gaba ba zai faɗa cikin na baya ba, sai tiredin ya tsage biyu. Aikin awa guda ya tashi a banza, ƙarfe kuma da kuɗi aka saye shi.

Man da ake ɗiga wa wuƙa daban yake da na baki. Aikinsa ya rage zafi, ya kuma hana ɓarɓashi mannewa a tsini ya yage tiredin. Baƙin ƙarfe yana son man yanka mai kauri, wanda ake sa wa farar wuta. Alminiyam kananzir yake so. Tagulla da ƙarfen zubi a bushe ake yanka su. In ba man yanka, man gyaɗa yana yi, amma a goge shi sarai bayan an gama, don in ya daɗe yakan yi danƙo, in ya gangara cikin baki kuwa sai an sāke kwancewa.

In ka ga tiredi ya kusa, tsai da inji, share ɓarɓashi da buroshi, ba da yatsa ba, ka gwada noti ƙarfen yana nan a bakin. Kada ka kwance shi tukuna, domin in ya fita da wuya ya koma daidai inda yake. Notin ya shiga da yatsu kawai, ba sufana, ba kuma girgiɗi. In ya cije, ƙara bi ɗaya ba tare da ka ƙara zurfi ba, ka sāke gwadawa.