Katangar Tsaro ta Kwamfuta da Yadda Take Bin Matakan Zance

Gabatarwa

A shekarar 1995 aka fara haɗa Jamhuriyar Benin da intanet, lokacin da birnin Kwatano ya karɓi taron ƙasashe masu magana da Faransanci. A 2002 kuma wayar ƙarƙashin teku mai suna SAT-3 ta fara aiki, Kwatano na cikin wuraren da ta sauka. Duk kwamfutar da ta hau intanet, a Jami'ar Abomey-Calavi take ko a shagon ɗan kasuwa a unguwar Zango, saƙon wanda ba ta sani ba yana iya riskar ta. Na'ura ko manhajar da ake girkawa a bakin ƙofa don tace saƙonni ita ake kira katangar tsaro. Wannan takarda za ta bayyana yadda katangar take rarrabe amsar da ake jira da saƙon ɗan kutse.

Mai gadi da rajista

Bayani ba ya tafiya a dunƙule. Ana yanka shi guntu-guntu, kowane guntu ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa da lambar ƙofar kowannensu. Alal misali, shafukan intanet masu kariya suna sauraro a ƙofa ta 443. Katangun farko, na ƙarshen shekarun 1980, suna duban kowane guntu shi kaɗai, ba sa tuna wanda ya gabace shi. Saboda haka dole a bar dubban ƙofofi a buɗe domin amsa ta sami hanyar shiga.

A 1994 kamfanin Check Point ya fitar da FireWall-1, wadda ta yaɗa dabarar ajiye rajista. Idan kwamfutar cikin gida ta fara zance, katanga za ta rubuta abu 5: adireshi biyu, ƙofa biyu, da ƙa'idar sadarwar. Guntun da ya zo daga waje ya dace da rubutun sai ya wuce. Haka mai masaukin fatake yake yi a Zango. Yaron da ya aika kasuwar Dantokpa yana dawowa ya shige ba tambaya. Wanda kuwa ya ce ya kawo amsar aike alhali ba a aiki kowa ba, a zaure zai tsaya.

Matakan zance

Ƙa'idar TCP, wadda aka rubuta a 1981, ta tsara matsayi 11 da zance zai iya kasancewa a ciki. Buɗe zance taki uku ne. Mai nema zai aika alamar SYN, wato neman izini. Wanda aka nema zai mayar da SYN-ACK, wato ya ji ya kuma yarda. Sai mai nema ya rufe da ACK. Kafin taki na uku, rabin buɗewa zancen ya yi. Bayansa ya tabbata, bayani ya fara gudana. Idan an gama, kowane ɓangare zai aika FIN. Alamar RST kuwa katse zance take yi nan take.

Katangar da ke cikin Linux tun fitowar siga ta 2.4 a 2001 tana kasa guntaye gida huɗu. Na farko sabo, wanda ya buɗe zance. Na biyu tabbatacce, wanda yake cikin zancen da aka riga aka ji amsarsa. Na uku mai dangantaka, kamar saƙon da ke sanar da cewa wani guntu bai isa ba. Na huɗu marar tushe, wanda bai dace da komai a rajista ba, kuma galibi zubar da shi ake yi.

Ƙa'idar UDP, wadda ake amfani da ita wajen tambayar adireshin shafi, ba ta da sallama ba ta da bankwana. A nan agogo katanga take bi: a Linux, idan daƙiƙa 30 ta wuce ba amsa, sai a goge rubutun.

Inda rajista take gazawa

Matsala ta farko ita ce wa'adi. Linux takan riƙe tabbataccen zance kwana 5 ko da an yi shiru, amma na'urorin kasuwa da yawa awa ɗaya suke bayarwa. Ma'aikacin da ya bar manhajar lissafi a buɗe ya tafi cin abinci yana iya dawowa ya tarar ta sandare, domin katanga ta manta da shi. Haka yakan faru idan wuta ta ɗauke, rajistar ta goge.

Ta biyu, idan ofis yana da layin intanet biyu, tambaya ta fita ta wannan katanga, amsa ta dawo ta waccan, ta biyun za ta ɗauke ta marar tushe.

Ta uku, rajista tana da iyaka. A watan Satumba na 1996 aka yi wa kamfanin Panix na birnin New York ruwan SYN na ƙarya, ba a cika taki na uku, har na'urorinsa suka kasa karɓar masu hulɗa na gaskiya. Irin wannan hari yana cika rajistar katanga ma.

Kammalawa

Ƙarfin katangar tsaro yana cikin abin da take tunawa, rauninta ma a nan yake. Don haka idan sadarwa ta tsinke, kafin a ɗora wa kamfanin waya laifi, mai kula da na'urori yakan buɗe rajista ya duba matakin da zancen ya tsaya. Idan SYN ta fita ba amsa, matsalar tana hanya ko can ɗaya ɓangaren. Idan zance ya tabbata sannan ya ɓace, wa'adi ko cikar rajista za a fara tuhuma.