Hoton da ya kai wata mata gidan yari

A watan Mayun 2021, a gandun dajin Yellowstone da ke cikin duwatsun Amurka, wata mata ta tsaya da waya tana ɗaukar hoton uwar beyar da 'ya'yanta uku. Sauran masu yawon buɗe ido suka koma motocinsu, ita ko a jikinta, sai da uwar ta yo kanta a guje. Ta tsira ba ko ƙwarzane, amma kotu ta ɗaure ta kwana 4.

Dokar gandun ita ce a bai wa beyar tazarar yadi 100. Uwargida, kin san halin kaza mai 'yan tsaki, balle dabbar da gudunta ya wuce kilomita 50 a awa. Ƙwararru daga nesa suke ɗaukar ta, da kyamara mai dogon baki.